Mutumin da Na Aika a Madadina

Litinin, 3 ga Maris

Ɗan leƙe ya shigo layinmu. Guda ɗaya ne, amma Dogo mai guga ya riga ya mayar da shi uku. Yana tsaye jikin turken lantarki tun hantsi, da takunkumi a fuska, da baƙin tabarau, da ƙyallen rawaya a damtse kamar yadda dokarsu ta ce.

Tun da aka buɗe musu ofis a tsohuwar tashar jirgi ban taɓa ganin ɗaya kusa haka ba. An ce daga wani reshe na lokaci suke zuwa, inda rayuwar mutum ta ɗauki wata hanya daban tun daga wata rana guda. Su zo su leƙa yadda rayuwarsu ta lalace a nan, su koma gida suna hamdala. Kwana goma ake ba su. Wato dai a layin nan akwai wanda shi ne lalataccen kwafin wani. Na ce wa Dogo kai ne, wataƙila a can ba ka ƙona rigunan mutane. Ya ce mu zuba ido.

Ni na fi zargin mai nama.

Laraba, 5 ga Maris

Gwaggo ta zo shago da sandarta, ta ture takalman da ke kan benci ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. Auta yana asibiti. Hanta ce, kuma likitoci sun daina maganar sallama. Ɗakin da yake ba a barin kowa shiga sai wanda majinyaci ya rubuta, shi kuma sunaye biyu ya rubuta, nata da nawa.

Na ce ina da aiki. Ta dubi shagon, ta dube ni. "Ɗan nan, shekara goma sha ɗaya ba ta ishe ka ba? Ƙanenka ne fa, ciki ɗaya." Na ci gaba da shafa gam. Da za ta tafi ta ce Allah ya shirye ni, na ce amin, don ba a ƙin addu'a.

Ɗan leƙen yana nan. Yau ya matso kusa da famfo.

Alhamis, 6 ga Maris

Tabɗi. Bari in rubuta shi a jere kada in rikice.

Bayan azahar ya tsallako titi, ya cire takalmansa ya ajiye gabana. Na ɗauka na juya su, kamar yadda nake yi wa na kowa. Shekara talatin ina wannan sana'a, ko ban ɗaga kai ba takalmi zai gaya min wa ya zo. Dunduniyar hagu ta cinye ta waje. Na dama ya huje daidai ƙarƙashin babban yatsa. Na ce a raina, wannan tafiyarsa irin tawa ce. Sai na duba wani tsohon ɗinki a gefe: zare biyu, an ƙulle ƙarshen an tura shi ciki da bakin basilla. Baba ne ya koya mana wannan ƙulli, ni da Auta, kuma Auta ya bar sana'ar tun yana saurayi.

Na zare nawa takalmin na ajiye kusa da nasa. Ko tagwaye albarka.

Ashe ni ne. Ba mai nama ba.

Na ce, "To, ka leƙa, ka gani. Yaya ka same ni?" Ya ce, "Ka fi ni tumbi." Muryar ta ba ni haushi, kamar ranar da na fara jin kaina a saƙon waya. Wai haka nake magana ta hanci?

Juma'a, 7 ga Maris

Na gaya wa Dogo, ya yi dariya har ya bar dutsen guga a kan wando. Alhaki ne.

Asabar, 8 ga Maris

Ya dawo. Na ja labulen shago, ya cire takunkumin. Ban san me zan kira shi ba. Malam ya yi nisa, ɗan'uwa kuma ƙarya ne. Muka tsaya a kan "kai".

Sanƙonmu ɗaya. Haƙorin da ya karye min a makaranta shi ma ya karye masa. Amma goshinsa babu waɗannan layuka biyu na tsakanin gira, kuma idan yana sauraro ba ya murguɗa baki. Na yi ta tambayarsa kamar ɗan jarida. Shagonsa nan ne, benci ɗaya, guduma ɗaya. Ba mota, ba gidan sama, ba komai. Na ce to ina abin da ka fi ni? Ya ce shi bai ce ya fi ni ba. Matarsa tana nan. Tawa ta tafi shekara takwas ke nan, ta ce zama da ni kamar zama da ƙofar da aka kulle ne. Na tambaye shi ko har yanzu tana waƙa idan tana shara. Ya ce tana yi, kuma har yanzu muryar ba daɗi. Wallahi sai da na yi dariya.

Na ce ya gaya min ranar da hanyarmu ta rabu. Ya ce, "Ka sani ai." Na ce ban sani ba. Ya ce gobe.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban taɓa rubuta wannan a kundin nan ba, har a tsofaffin.

Lokacin jinyar Baba muna yin karɓa-karɓa, ni da Auta, yini ɗaya ɗaya. Ranar Alhamis ɗin nan tawa ce. Da safe wata makaranta ta kawo buhu biyu na takalman ɗalibai, ana so kafin Litinin, sai na roƙi Auta ya zauna a madadina. Ya zauna. Da la'asar ya fita sayo maganin da ya ƙare, minti ashirin bai cika ba. Ya dawo ya tarar Baba ya tashi shi kaɗai ya faɗi a bakin banɗaki. Wajen zaman makoki, gaban mutane, na nuna shi da yatsa na ce, "Kai ka kashe shi." Ban taɓa gaya wa kowa ranar tawa ce ba. Shi ma Auta bai faɗa ba. Wannan ne ya fi ci min rai, ban san dalili ba.

Shi mai fuskata, a nasu reshen, ya mayar wa makarantar buhunanta, ya je ya zauna da Baba. Na ce, to shi ke nan, a wajenka Baba ya rayu. Ya girgiza kai. Da la'asar ya shiga kicin ɗora ruwan zafi, ya fito ya tarar da Baba a bakin banɗaki. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya.

Na ce, Auta fa, me ya ce maka? Ya ce rungume shi ya yi, ya ce, "Yaya, kwana ne ya ƙare."

Na ɗauki wani takalmi na yi ta buga masa ƙusa. Sai daga baya na lura ba na gyara ba ne, nawa ne.

Litinin, 10 ga Maris

Ashe ba don ya gode wa Allah a kaina ya zo ba. A reshensu sun riga mu da wata huɗu, kuma nasa Autan ya rasu, ciwon nan dai. Shi ya yi jinyarsa har ƙarshe. Ya nemi ofishin su samo masa reshen da Auta yake da rai, ko na kwana nawa ne, suka ce ga ɗaya, amma ka sani mutanen can ba sa ga maciji da juna. Ya ce ya ji ya gani.

Abin da yake so: in sa hannu a takarda ya buɗe fuskarsa, in ara masa katin shaidata, ya shiga asibiti a matsayin ni. Ya ga ƙanensa sau ɗaya.

Na ce ƙanena dai. Ya ce, "To, ka je mana." Na miƙa hannu ya ba ni takardar.

Na sa hannun. Ba tausayi ba ne, kada in yaudari kaina. So nake in ga yadda nake kama idan ina ba da haƙuri. Sharaɗina ɗaya, zan bi shi, kuma ni zan sa takunkumin da tabarau da ƙyallen.

Talata, 11 ga Maris

Takunkumin yana warin man kaina.

A hanya mutane suna ta matsa min, wata mata har da jan ɗanta. A ƙofar ɗakin ma'aikaciyar jinya ta duba katin ta ce masa bismilla, ni kuma ta ce 'yan leƙe daga baranda suke tsayawa. Akwai taga mai gilashi, na tsaya nan.

Ban gane Auta ba da farko. Yaron da yake ɗaga buhun siminti da hannu ɗaya! Idanunsa sun yi rawaya, wuyansa duk jijiya. Kunnuwan ne kawai ba su rame ba.

Na ga kaina na shiga. Na ga na durƙusa gefen gado tun kafin a nuna min kujera, na riƙe hannunsa, bakina yana motsi. Ba na jin komai ta gilashin. Na ga kafaɗuna suna rawa. Ashe idan ina kuka haɓata ce take fara karkarwa, ban taɓa sani ba. Auta ya daɗe yana kallon fuskar, sannan ya ɗora hannu a kan sanƙon yana shafawa. Sun kai awa ɗaya. Mai fuskata ya gyara masa matashi, ya ba shi ruwa da cokali, ya san gefen da ake juya shi ba tare da an gaya masa ba.

Abin ya yi kyau, ba ƙarya. Na tsaya ina kallo kamar fim. Wani mai shara ya tsaya kusa da ni ya ce, "Naka ne?" Na ce eh. Ya ce wanne daga ciki? Na mayar da ido kan gilashin.

Laraba, 12 ga Maris

Ya tafi, kwanansa goma sun cika. Na gyara masa dunduniyar. Ya ce in gaida gida, sai ya tuna, ya ce yi haƙuri.

Labari ya zaga layi cewa na je na shirya da ƙanena. Mai nama ya miƙo min hannu. Dogo ya san gaskiya amma ya riƙe bakinsa, sai kallo. Ni kuwa na ji daɗi, in faɗi gaskiya. An yi, an gama, Auta ya samu abin da yake so, ni kuma ban durƙusa wa kowa ba. Wa ya yi asara?

Juma'a, 14 ga Maris

Gwaggo ta zo tana sa min albarka tun daga bakin titi. Na sunkuyar da kai ina amin, amin. Sai ta ce Auta ya ba ta saƙo, ita dai ba ta gane kansa ba, ko zafin ciwo ne. Wai a gaya min in gode wa mutumin da na aiko, mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Amma shi yayansa yake jira.

Basilla ta shige min yatsa.

Ta yaya ya gane? Fuska ɗaya, murya ɗaya, har rigata na ba shi. Tumbin ne? Yini guda ina juya abin, na liƙa wa takalma biyu soli a karkace.

Asabar, 15 ga Maris

Ta yaya ya gane?

Lahadi, 16 ga Maris

Na je. Tambaya kawai na je yi.

Na shiga na ja kujera na zauna, ban durƙusa ba. Na ce, "Wa ya bar tagar nan a buɗe, ana so sanyi ya ƙarasa ka ne?" Ya buɗe ido, ya yi wata dariya da ta koma tari. Ya ce, "Yauwa. Sannu da zuwa, Yaya."

Na ce ya gaya min yadda ya gane. Ya ce tun kafin mutumin ya zauna ya fara ba da haƙuri, ni kuwa ko gida na ƙona sai na fara tambayar wa ya ajiye ashana a nan. Na ce wannan ba hujja ba ce, mutum yana canzawa. Ya ce haka ne. Ya lumshe ido yana numfashi, na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, "Kallonsa ne. Kallon wanda ya riga ya binne ni yake min. Na ji tsoro, Yaya. Ni so nake a harare ni, in san ina nan."

Na harare shi. Iya ƙoƙarina na yi, amma haɓar nan ta fara abin da na gani ta gilashi, sai na tashi na rufe tagar, na daɗe ina fama da sakatar duk da ba abin da ya same ta.

Ina tsaye na ba shi baya na ce, "Ranar tawa ce." Ya ce ya sani. Na ce to me ya hana ka faɗa gaban mutane? Ya ce, "Da na faɗa, da wa za ka tsana? Kanka? Ai ba za ka iya ɗauka ba."

Ban ba shi haƙuri ba. Ban san ta inda ake farawa ba, kuma wancan ya riga ya cinye duk kalmomin masu kyau. Na ba shi ruwa da cokali, rabi ya zube a wuyansa, ya ce wancan ya fi ni iyawa. Na ce to ya kira shi.

Litinin, 17 ga Maris

Na rufe shago da azahar. Ba kasuwa dama.

Ma'aikaciyar jinya ta nuna min yadda ake juya shi, hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ta gefen hagu. Sau uku na gwada kafin ya daina zagina. Ba nauyi ko kaɗan, yaron nan. Na ce wa Gwaggo ta huta gobe da jibi, ƙafarta tana ciwo, ba wai don wani abu ba.

Da zan fito ya riƙe bakin rigata ya ce gobe wa zan aiko. Na ce ba ni da kowa, haƙuri zai yi da ni.