Ƙofar da Ba Ta Buɗewa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya yaran? Hotunan tsohon gidanmu da ka aiko sun yi rana. Likitan da ke bincike a asibitin ya haɗa su cikin wani ƙaton tabarau, in Mama ta saka sai ta ganta a tsakar gida, kamar ba a taɓa rushe shi ba. Suna ɗaura mata abin auna bugun zuciya don su ga ko yana da amfani. Wai duk cikin tsofaffin babu mai nutsewa ciki kamarta, hawan jinin ma ya sauka. Har faɗa na sha a wurinta, wai na bar tsintsiya a hanya. Tsintsiyar hoto fa!

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, na yi murna ƙwarai. A ci gaba, tunda awo ya nuna sauƙi. Ɗakin Baba ne kawai ba ni da hoton cikinsa, ina jin a rufe suka bar shi. Zuwana sai aiki ya lafa. Ki gaishe ta.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a jagule yake. Ƙofar ɗakin Baban nan ce. Da an saka mata tabarau sai ta fuskance ta, ta yi tsit, na'ura kuma ta rubuta kwanciyar hankali. Ran nan na matsa kusa na ji tana cewa, “Malam, shayinka zai huce.” Ashe jiran Baba take ya fito. In an cire sai ta tambaye ni, “Ya fito?” Kullum sai na sake faɗa mata rasuwarsa kamar sabuwa, mu yi ta kuka. Na gaya wa likitan, ya ce awonsu yana tsayawa ne da an cire tabarau. Ya bar mana zaɓi. Ni dai na gaji.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Na kasa cin abinci bayan na karanta. A daina. Allah Ya ba ki lada.

Yayanki.

Yaya,

Mun daina. Hawan jinin ya dawo, yanzu kuma ƙofar ɗakin asibitin take kallo. Na ce, “Mama, Baba kike jira?” Ta ce, “Haba, ai na san ya rasu. Yayanki dai.”

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka.