Tsaka a Bayan Firizar Glenys

Talata, 9 ga Janairu

Firizar da ke ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da gidan yake kai, ta yi shiru. Na sauka da safe ɗauko tsintsiya, na ji wurin wani iri, sai daga baya na gane gurnaninta ne babu. Na canja soket. Na daki gefenta da tafin hannu yadda na saba. Ko motsi.

Ban buɗe ba, kada sanyin ya fita. Ai na san abin da ke ciki. Robobin askirim cike da yankakken mangwaron bishiyarmu, wanda Glenys ta yanka kafin ciwo ya kwantar da ita. Miyar kabewa. Farfesun wutsiyar sa. Kowace roba da rubutun hannunta a murfi. Tun da ta rasu nake ci kaɗan-kaɗan, ranar Lahadi kawai. Shi ke nan abin da ya rage na girkin matata a duniya.

Laraba, 10 ga Janairu

Na kira 'yata Narelle a Brisbane. Ta ce, "Baba, ai kana da inshorar lalacewar kayan gida. Wadda na sa maka, ka yi sati ba ka ɗaga wayata." Na tuna. Na ce mata a lokacin, mutumin da ya yi shekara hamsin yana gyara injin yankan rake ba ya buƙatar wani kamfani ya riƙe masa sukurdireba. Ta sa duk da haka. Halin uwarta ta ɗauko, ba a tanƙwara ta.

Kafin in kira kamfanin na kwance murfin baya in ga ciwon da idona. Tsaka ce. Ta shiga inda wayoyi suke ta haɗa biyu da jikinta, ta ƙone ƙurmus, ta ƙona injin tare da ita. Glenys ba ta yarda a kashe tsaka a gidan nan ba, wai su ne masu cinye mana sauro.

Kamfanin kuwa, sai da wata murya ta sa ni danna wannan danna wancan har shayina ya huce. Daga baya wata yarinya ta ɗauka, mai ladabi, tana ta "Mista Dunstan". Ta tambayi me ya faru. Na ce mata na ma gano ɓarawon, ga gawarsa a hannuna, na ba ta labarin tsakar ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Na ji tana buga wani abu a kwamfuta. Ta ce mai gyara zai zo Juma'a.

Juma'a. A wannan zafin na garinmu Ingham, da mutum ke fitowa wanka yana gumi.

Alhamis, 11 ga Janairu

Ƙanƙara daga gidan mai, safe da yamma. Na ɗaga murfi da sauri na zuba na rufe, na lulluɓa tsohon bargo a kai. Na sama sun fara laushi. Na taɓa.

Maƙwabcina Silvio ya gan ni ina sauke buhunan daga mota. Ya jingina da shinge da wannan hular tasa mai datti, ya ce, "Clarrie, biki za ka yi ba ka gayyace ni ba?" Na ci gaba da saukewa. Ya ce, "Firizata ta gareji rabi babu komai, kai mai taurin kai." Na shige.

Kada in manta, don mutane suna son a manta. Bara war haka ina asibitin Townsville a gefen gadon Glenys, shi kuma ya ɗauko zarto mai inji ya sare rabin bishiyar mangwaron, wai jemagu na ɓata masa kwanon rufi da mota. Ba rassan da suka tsallaka shingensa kawai ba. Har cikin jikinta ya shiga. Kafin damina ta wuce bishiyar ta bushe. Glenys ba ta dawo ta gani ba, wannan kaɗai ne sauƙin. Ya zo jana'iza da kwanon taliya, na bar kwanon a kan matakala har tururuwa ta same shi.

Ba zan kai abincinta gidan wannan mutumin ba.

Juma'a, 12 ga Janairu

Mai gyara ya zo, Trent, na san kakansa a gonar rake. Ya durƙusa ya leƙa ya ga tsakar da na ajiye masa a murfin kwalba. Ya dube ni.

"Baba Clarrie, ba dai ka faɗa wa 'yan inshora ba?"

Na ce na faɗa mana.

Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Wai duk arewacin nan har yara sun san ba a ambaton tsaka a waya. Inshora tana biyan inji idan ya ƙone, amma ba ta biyan ɓarnar ɓera da tururuwa da ƙadangare da danginsu. Ya ce da na yi shiru, da ya rubuta inji ya ƙone, kuma ai ya ƙone ɗin.

Na ce ni ban iya ƙarya ba.

Ya ce, "Ba ƙarya aka ce ka yi ba, Baba. Shayinka za ka sha ka bar ni in yi magana."

Injin ba ya gyaruwa, ba a yin irinsa yanzu. Da zai tafi ya sa hannu cikin firizar ya ce, "Wannan kayan, gobe ne iyakarsu." Kamar ban sani ba.

Na yi waya da Narelle da yamma. Ta ce in sayi sabuwa ta biya. Shagon garin nan ba su da mai girman, sai an kawo daga Townsville, hanya kuma ruwa ya shanye gada. Ta ce, "To ka je wurin Kawu Silvio mana." Har yanzu kawu take ce masa. Na ce batir ɗina zai mutu.

Asabar, 13 ga Janairu

Miyar kabewa ta tafi. Na buɗe roba ɗaya, warin ya gaya mini. Farfesun ma. Na haƙa rami a bayan gida kusa da kututturen mangwaron na zuba su. Na wanke robobin na ajiye murafen. Ban san me zan yi da su ba.

Na zauna a matakala na daɗe.

Mangwaron yana can ƙasa, gefensa ya narke amma tsakiyarsa da sauran ƙarfi. Na jera robobin a baro na rufe da bargo. Ba ta shinge na bi ba, ta titi na zaga, na shiga ta ƙofar gaba yadda baƙo ke shiga.

Na ce masa, "Ba sulhu ya kawo ni ba."

Ya ce, "Wa ya ga alamar sulhu a wannan fuskar? Turo, tsoho, kafin su zama ruwa."

Rabin da ya ce babu komai ƙarya ne. Firizar cike take da kifin da ya kamo da miyar tumatir ta 'yarsa. Ya dinga fitar da kifi yana jefawa a bokiti, wai dama ya gaji da shi, zai raba wa 'yan coci. Ya karɓi robobin ɗaya-ɗaya yana jerawa, rubutun yana sama. A kan ɗaya ya tsaya yana kallo. Glenys ta rubuta "masu zaƙi, na ɓangaren Silvio". Sai ya jera ta tare da sauran.

Na dawo da baro ba komai. Ban yi godiya ba.

Litinin, 15 ga Janairu

Kamfani sun kira. Ba za su biya ba. Yarinyar nan ce dai, ta karanta mini wurin da aka rubuta, shafi na nawa ne oho. Na ce mata na bar makaranta ina ɗan yaro na shiga gonar rake, amma ko ni na san tsaka ba ta karanta shafi kafin ta shiga. Na ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana a gidan da ke arewa da Rockhampton ba. Ta ce ta yi baƙin ciki. Ta ce abincin da ya lalace ma da an biya, in da dalilin wani ne. Na tambaye ta nawa suke biyan farfesun matar da ta mutu.

Bai kamata in faɗa mata haka ba. Ba ita ta rubuta ba.

Laraba, 17 ga Janairu

Ruwa tun asuba. Ƙarƙashin gida shiru, ba na son sauka.

Lahadi, 21 ga Janairu

Lahadi ce, dole in je in ɗauko roba ɗaya. Haƙƙina ne, kayana ne. Na tarar ya bar ƙofar gareji a buɗe, shi kuma yana zaune a kujera yana yi kamar yana gyara ƙugiyar kifi.

Na ɗauko zan fita ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Na sara da yawa, Clarrie. Zarton ya tafi da ni. Na sani."

Na ce, "Ka sani."

Ya ce, "Na sani."

Shi ke nan. Shekara guda ina shirya abin da zan gaya masa, na tsara shi har a banɗaki, ga shi duk ya gudu. Na tsaya da roba tana ɗiga a hannuna kamar wawa. Ya ce in zan tsaya in zauna, ina tare masa haske.

Ban zauna ba.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Hanya ta buɗe. Narelle ta ce ta zaɓi sabuwar firiza, in ce a kawo kawai. Na ce a bari damina ta wuce, ƙarƙashin gida da danshi, ga tsaka ko'ina. Ta ce, "Baba, yaushe ka fara tsoron danshi?" Na ce batir.

Inshorar ban soke ba. Tukunyar lantarki mai ɗumama ruwan wanka ta fara wani tari. Trent ya ce in ta mutu shi zan fara kira, in kuma riƙe bakina.

Kofin da Silvio ke dafawa ɗaci kamar magani, kujerarsa kuma ƙafa ɗaya gajera ce, sai na kai mata guntun katako. Robobin sun ragu. Suna saurin ƙarewa yanzu, ban ƙirga ba.

Cokali biyu na tafi da su yau. Nasa duk a lanƙwashe suke, shi ya sa.