Akun Inna Ya Rage Murya

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Labarin akunki Ɗan Kurmi na kawo miki, don na san shi za ki fara tambaya kafin jikokinki.

Kin tuna ranar da Kawu Sale direban tankar mai ya kawo shi garinmu Kwandiko daga Fatakwal? Bai yi wata ba ya iya sallama. Baba ya dage cewa amsa sallama wajibi ne, ko daga bakin wa ta fito. Tsuntsu ya kwarara, Baba ya amsa, tsuntsu ya ƙara, har kan kowa ya ɗau ciwo.

Ke kika yi maganin tsuntsun. In ya yi ihu sai ki juya masa baya ki ci gaba da kaɗin audugarki. In ya sassauta ki miƙa masa gyaɗa. Da magariba ki lulluɓe kejin da tsohon zanenki. Kina cewa, "Mai ihu abokin ihu yake nema, kada a ba shi."

Bayan rasuwarki na taho da shi gidana a Birnin Kudu, sai ya dawo da halinsa, har ya fi da. Malam maƙwabcinmu, mai makarantar allo, ya aiko cikin ladabi cewa ɗalibansa ba sa jin karatu. Maigidana ya ce in bai daina ba kafin azumi, kyauta zai yi da shi. Ban ga laifinsu ba, amma kwana na yi ina kuka.

Abin da ba su gane ba, Inna, da muryarki yake ihun. "Ke! Ke yarinya!" Haka kike kirana, tunda ni ce 'yar fari, kunya ba ta taɓa barin ki kama sunana ba. Ina ji sai "Na'am" ta kuɓuce mini, ko tuwo nake tuƙawa. Shi kuwa ɗan banza ya samu abokin ihu.

Sai na bi hanyarki. Na dawo da kejin gindin turmi inda zai riƙa ganina, na ɗauko zanen nan naki. Wallahi ban taɓa aiki mai wuya irin wannan ba: uwata na kira, ni ina juya baya ina cije leɓe. Ki yafe mini, dokarki na bi.

A hankali ya sauko. Malam har ya aiko a tambaya ko tsuntsun lafiya.

Shekaranjiya da hantsi ina tsince shinkafa, na ji yana ƙus-ƙus ƙasa-ƙasa, irin maganarki in kina kaɗi ke kaɗai. Na kasa kunne. "Hajara. Allah Ya yi wa Hajara albarka."

Inna, aku ba ya faɗin abin da bai sha ji ba. Ashe kina faɗa, ni ce dai ba a gabana ba. Na zubar da shinkafar nan, na juye masa gyaɗar gaba ɗaya, na amsa da ƙarfin da Malam ma sai da ya ji.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu a inda za ki kira ni ba kunya.

Taki 'yar fari,
Hajara