Ƙwayar Inna a Shekarar Fari

Zuwa ga Yaya Alhassan, Abijan.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lahiya. Yaya Hajara da yara, yaya zaman baƙunta? Mu nan Tabla sai godiya, amma ruwa ya sake ɗaukewa, rumbu ya ƙare, 'ya'yan anza na daji masu ɗaci muke jiƙawa mu ci.

Ranar kasuwa Inna ta sha ƙwayar ciwon sukarinta ciki ba kome, don ta bar wa jikoki hurarta. Kafin azahar ta faɗi bakin rijiya tana rawar jiki, ko ni ba ta gane ba. Muka kai ta gidan likita na Filinge bisa amalanke. Likita ya yi mata ƙarin ruwa ta farfaɗo, ya ce, "Ƙwayar nan sai bayan abinci. In kika sha da yunwa tana iya kashe ki, in kika bar ta kuma, ciwon ya ci ki."

Inna ta ce, "To ɗana, abincin fa, shi ma rubuta mini za ka yi?"

Yanzu ni ke tsayawa kanta har ta ci, tana haɗiya tana kallon yaran tana hawaye.

Ka sa mu addu'a, Yaya. Gaida Kawu Idi.

Ƙanwarka, Ramatu.