Abin da 'Yar Lungu Take Gogewa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗa da kaji, Auta kuwa tsawo kawai yake ƙarawa, hankalin yana biyo shi a baya.

Yaya, kwanan nan marigayi Baba ba ya fita daga raina. An kawo mana kwamfutocin hannu a makaranta, yara suna yin lissafi a kai da alƙalami marar tawada, kafin su ɗaga kai na'ura ta ba su maki. Na huta da dakon littattafai, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai akwai wata yarinya a ajina, 'Yar Lungu muke ce mata, don can take zama kusa da tsintsiya. Sati shida na'ura tana ba ta biyu ko uku cikin goma, har shugabar makaranta ta ce in gwajin ƙarshen wata ya zo haka, ajin baya za ta koma.

Wata rana bayan an tashi, ba kowa a aji sai fanka tana juyawa a hankali, na taɓa wata alama a gefen aikinta. Ashe na'urar tana ajiye rubutu tun daga ɗigon farko. Sai ga lambobi suna fitowa su kaɗai a kan gilashi, ba hannu ba alƙalami, layi bayan layi, duk daidai. Yarinyar ta kai amsa, ta tsaya. Can sai amsar ta ɓace, ta rubuta irin ta wadda ke zaune a gabanta. Tambaya bakwai haka. Na yi ta maimaitawa har hasken rana ya sauko daga allo zuwa ƙasa, ina ganin Baba da jan bironsa, ya ɗaga takardata saitin taga don ya karanta abin da na goge. Kin tuna yakan ce hannuna ya fi zuciyata ƙarfin hali? Wallahi kuka na yi, daga ni sai tsintsiya.

Na'urar tana barin malami ya aika wa ɗalibi saƙon murya. Na gaya wa 'Yar Lungu na ga abin da take gogewa, kuma shi ne daidai. Washegari ko kallona ba ta yi ba.

Jiya aka yi gwajin. Ban duba maki ba, rubutun na fara buɗewa. A tambayar farko ta kai amsa, ta tsaya. Na ƙirga numfashina, Yaya, har goma sha ɗaya. Sannan wani siririn layi ya fito yana rawa, ta ja shi a ƙarƙashin amsarta. Takwas ta samu, tana nan a ajina. Biyun da ta faɗi ma kuskuren kanta ne, ban taɓa son kuskure kamar su ba.

Ki gaida maigidanki, da Gwaggo, da tagwayenki masu ƙiriniya. Inna da Auta suna gaishe ku. Sau uku na ɗora biro zan soke wurin da na ce na yi kuka, don na san sai kin tsokane ni. Na bar shi.

Ƙanwarki,
Malamar lissafi