Baburin Baba Yana Zaure

Zuwa ga Kawu Modu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna Falmata da yara. Yaya Kano, yaya kasuwa? Mu a Gwange sai godiya.

Kawu, baburin da Baba ya sayar da bijiminsa ya saya don acaɓa yana zaure a lulluɓe. Tun da ya kawo shi yake lallaɓa shi, ba gudu, ba goyo. Na roƙe shi ya kai ni makaranta, ya ce, "Yagana, bari a yi juyen farko tukuna." Bakanike ne ya ce masa sabon inji yana zubar da garin ƙarfe, in aka juye baƙin mai da wuri babur zai yi shekaru. Baba ya juye, har ya nuna mini ƙyallin ƙarfen a kwano yana murna.

Mako bai zagayo ba aka hana hawa babur a garin nan gaba ɗaya. Ko sau ɗaya ban hau shi ba.

Baba yana jin nauyin gaya maka, shi ya sa na rubuto. Don Allah ka nemo mai saye a can. Ka ce masa man ciki sabo ne, bai je ko'ina da shi ba.

A sa mu a addu'a. A gaida kowa.

'Yarka,
Yagana