Hatimin da Bai Rusuna Ba

Osaka, 20 ga Janairu

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyin Kofu, yaya kuma ciwon yatsun? Mama ta ce har yanzu kana wuni a shago kana sassaƙa hatimi ko da babu mai saye. Don Allah a riƙa hutawa.

Kada ka yi fushi, ofishinmu ya sayi manhajar nan ta sa hannu da buga hatimi a kwamfuta, wadda kake kira maƙiyiyarka. Gaskiya ta rage mini wahala. Yarjejeniyoyin kamfani sama da ɗari huɗu suna wuri guda, kowace da ranar ƙarewarta, kuma ita ke tuna mana. Na huta da wuni a ɗakin ajiya ina atishawa.

Ita ce ma ta tuna mini da yarjejeniyar Kaka Tamaki, tsohuwar nan ta garin Minabe mai gonar ume, 'ya'yan itacen nan da ake jiƙawa a gishiri, da kake so da shinkafa. Shekara talatin muna ɗaukar kayanta, kuma takardarta za ta ƙare ƙarshen Maris. Ɗanta ya matsa a sare itatuwan a kafa farantan sola. Ta yi masa alkawari, in ba mu sabunta ba kafin ranar, ya sare. Na tura mata sabuwar a waya, minti goma ba a yi ba ta sa hannu daga cikin gona. Ta kira ni tana cewa, "'Yar nan, na danna. Ya shiga kuwa? In bai shiga ba in ƙara dannawa." Mai shekara saba'in da takwas ke nan! Saura hatimanmu huɗu, nawa ne na farko, na shugaban sashenmu Kuramochi na ƙarshe.

A gaida Mama.

'Yarka,
Chizuru

Osaka, 9 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan tarin ya yi sauƙi. Ni jikina lafiya lau, zuciyar ce dai a dagule.

Ka san halin ofis, kowa yana karkata hatiminsa wajen na shugaba kamar mai rusunawa. To manhajar a miƙe take buga na kowa. Kuramochi ya buɗe takardar Kaka, ya ga hatimai uku tsaye ƙiƙam kusa da gurbinsa, sai ya sa aka kira ni. Da sunan gidanmu ya kira ni, wai, "Amemiya, a gidanku haka ake gaida manya?" Na ce ranka ya daɗe, injin ne. Ya ce to a koya wa injin ladabi, sannan a dawo masa da ita.

Baba, an yi taro huɗu a kan wannan shirme. Manyan mutane da furfura, an baje shayi, ana musu ko karkatar ƙaramin ma'aikaci za ta fi ta mataimaki zurfi. Na ce a bar ni in fitar da ita a takarda, in karkata nawa har ya kwanta in ana so. Ya ce shi da bakinsa ya sanar an daina takarda, so nake ya zama maƙaryaci? Kullum manhajar tana nuna jan gargaɗi da kwanakin da suka rage, sai ya sa aka kashe masa nasa, wai ta cika mita. Sauran masu hatimi biyun da ke tsakanina da shi kuwa sai gyaɗa kai suke. Tir! Ko abincin rana na daina ci kusa da su.

Kaka ta turo mini hoton itatuwan sun yi fure fari fat. Ba ta tambaye ni komai ba.

Ka ce wa Mama na ga saƙon safa, na gode.

'Yarka,
Chizuru

Osaka, 6 ga Afrilu

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da Mama, ka yi haƙuri da rubutun, cikin haushi nake yin sa.

Na roƙi ɗan Kaka ya ƙara mana mako ɗaya. Ya ce masu solar sun riga sun sa rana, kuma shirun fiye da wata biyu ai amsa ne. Ban ga laifinsa ba.

Masu manhajar sun gama gyaran ranar biyu ga wata. Kuramochi ya tara mu, ya ga hatimai uku sun sunkuya masa, ya yi murmushi ya danna nasa. Allon ya ce yarjejeniyar ta ƙare tun shekaranjiya. Ko kunya bai ji ba, cewa ya yi injin banza ne, ba a sanar da shi ba. A rahoto kuma aka rubuta cewa ƙaramar ma'aikaciya ce ba ta bi sawu ba.

Ranar Asabar na shiga jirgin ƙasa na tafi Minabe ba da haƙuri. Tun daga bakin hanya nake jin ƙarar zarto. Rabin gangaren gonar ya zama kututture. Kaka ta zaunar da ni, ta zuba mini shayi, ta ba ni tulun ume guda. Sannan ta durƙusa, goshinta har tabarma, ta ce, "Ki yafe mini, 'yar nan, na sa ki wahala. Wataƙila ni ce ban danna daidai ba."

Wannan rusunawar ce ta ƙarasa ni, Baba. Na yi kuka a gabanta kamar yarinya.

Yau da safe na rubuta takardar ajiye aiki da hannuna. Na ciro hatimin da ka sassaƙa mini ranar da na gama makaranta, na buga shi a miƙe yadda ka koya mini, na ajiye wa Kuramochi a kan tebur. Ya daɗe yana kallon hatimin, ni kuwa ban jira ya yi magana ba.

Ina tafe ranar Lahadi da tulun. Ka ci a hankali, babu wani bayansa.

'Yarka mai ƙaunarka,
Chizuru